Zambo da Habaici a Bakin Kamfanonin Fasahar Zamani

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya yi nazarin waƙoƙin baka ya saba da kalmomin zambo da habaici, sai dai galibi yakan ɗauka cewa iyakarsu fada da dandali da tsakar gidan kishiyoyi. A haƙiƙa sun wuce nan. Manyan kamfanonin da ke ƙera wayoyin hannu da kwamfutoci sukan shirya taron ƙaddamar da sababbin kayayyakinsu, inda shugaban kamfani zai hau dandamali a gaban ɗimbin jama'a, wasu miliyoyi kuma suna kallonsa ta intanet, cikinsu har da matasan Ƙofar Ƙaura da Rafindaɗi a birnin Katsina. A irin wannan taro ba a cika tsayawa ga yabon haja kawai ba. Akan ɗan taɓa abokin gasa, a kushe kayansa, 'yan kallo su bushe da dariya, washegari kuma maganar ta cika kafofin yaɗa labarai.

Wannan babi zai duba ko hakan ya dace. Za a auna al'amarin ne da ma'aunin da Bahaushe ya daɗe yana amfani da shi, domin al'ummar da ta ware wa zambo ma'aikata na musamman, ta kuma shata masa iyaka, tana da abin cewa game da wanda ya hau dandamali ya yi shi da bakinsa.

2.0 Bambancin Kalmomin

Zambo kishiyar yabo ne. Shi ne fito da aibin wani a fili domin a muzanta shi, ko aibin na gaskiya ne ko ƙagagge, kuma yawanci akan siffanta wanda ake yi wa ta yadda ba mai shakkar ko wane ne. Habaici kuwa magana ce a kaikaice. Mai yin sa ba ya kama suna, yakan jefa magana ne a tsakiyar jama'a ya bar mai ita ya ɗauka, shi ya sa Hausawa ke cewa kowa ya yi zagi a kasuwa ya san wanda yake yi wa. Akwai kuma zolaya, wadda manufarta raha ce, da gugar zana, da shaguɓe, waɗanda duk dangin habaici ne.

Ta fuskar ilimin harsuna, habaici misali ne na abin da masanin falsafar harshe H. P. Grice ya yi bayani a 1975, wato ma'anar da mai sauraro ke tsinta a bayan lafazi ba tare da an furta ta ba. Habaici ba ya aiki sai mai magana da mai sauraro sun yi tarayya a kan wani sani. Wannan ne ya ba shi ƙarfi biyu. Na farko, mai yin sa yana da ƙofar tsira, domin idan aka tuhume shi zai ce bai ambaci kowa ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Na biyu, mai sauraron da ya gano inda aka dosa yakan ji daɗin basirarsa, kuma wannan jin daɗin ke jawo shi ɓangaren mai magana ba tare da ya lura ba. Masu shirya talla sun fahimci wannan ƙarfi na biyu ƙwarai.

3.0 Wa ke da Izinin Zambo?

A ranar hawan Sallah, duk wanda ya tsaya a Ƙofar Soro zai ji makaɗa da maroƙa suna wasa Sarki, suna kuma sukar maƙiyansa da masu hangen gadon sarautarsa. Abin lura shi ne, Sarki ba ya tanka musu. Yana bisa doki, amawali ya rufe masa baki, ko gaisuwa aka yi masa dogarai ne ke amsawa. Haka abin yake a zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906 zuwa 1944) da na Sarki Usman Nagogo (1944 zuwa 1981), haka kuma yake a sauran fadojin ƙasar Hausa. Zambon yana yi wa Sarki amfani, amma ba daga bakinsa yake fitowa ba. Al'ada ta raba aikin gida biyu: mai mulki ya riƙe kwarjini, maroƙi ya riƙe harshe. Da Sarki zai buɗe baki ya yi wa wani ɗan sarki zambo a bainar jama'a, da ya sauko daga matsayinsa, ya kuma ɗaga abokin hamayyar zuwa inda bai kai ba, domin kowa zai gane cewa lallai mutumin nan yana hana Sarki barci.

Maroƙi shi ma yana biyan kuɗin wannan izini. Ana jin tsoron harshensa, ana ba shi kyauta, amma a tsarin zamantakewar gargajiya ba a sanya shi a sahun masu daraja. Alhaji Mamman Shata Katsina, wanda ya rasu a 1999, ya kai inda mawaƙi ke kaiwa a ɗaukaka, kuma waƙarsa ta Gagarabadau tana cikin fitattun waƙoƙin zambo a Hausa. Duk da haka, abin da jama'a suka yarda wa Shata ba za su yarda wa hakimi ko alƙali ko babban attajiri ba.

Wuri na biyu da aka halatta tsokana shi ne wasan barkwanci, kamar wanda ke tsakanin Katsinawa da Nufawa, ko Katsinawa da Haɗejawa, ko Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, ko taubasai a cikin dangi. A Jamhuriyar Nijar darajar wannan wasa ta kai hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada a 2014. Sharaɗinsa shi ne yarjejeniya. Kowane ɓangare yana da damar ramawa, ba a yin fushi, kuma a ƙarƙashin tsokanar akwai amana, har ta kai abokin wasa ne ke shiga tsakani idan rikici ya taso.

Wuri na uku shi ne tsakanin kishiyoyi, inda habaici ke fita a waƙar daka da niƙa. A nan babu yarjejeniya, akwai dai miji ɗaya da ake takara a kansa. Idan aka duba da kyau, gasar kamfanoni ta fi kama da wannan, mai saye kuwa shi ne maigidan da ake son a burge.

4.0 Abin da ya Faru a Dandamalin Kamfanoni

A watan Janairu na 2007, a birnin San Faransisko na Amurka, shugaban kamfanin Apple, Steve Jobs, ya gabatar da wayar iPhone ta farko. Kafin ya nuna ta, sai da ya haska hotunan wayoyin wasu kamfanoni, cikinsu har da Nokia da BlackBerry, ya nuna yadda madannai suka cinye kusan rabin fuskarsu, ya kuma yi wa tsinken da ake taɓa allon waya da shi ba'a. Wannan suka ta tsaya a kan haja, kuma abin da ya fito da shi daga aljihu ya gaskata maganarsa. A lokacin Apple baƙo ne a kasuwar waya, Nokia ce sarauniya. Ƙarami ne ke tsokanar babba, kuma jama'a a ko'ina sukan yi wa irin wannan uzuri.

Martanin da ya biyo baya shi ne darasin. Shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya yi dariya a wata hira da aka yi da shi a talabijin, yana mamakin wayar dala 500 wadda ba ta da madannai. A watan Satumba na 2010 ma'aikatan kamfanin suka yi jerin gwano da motar ɗaukar gawa a harabarsu, wai suna jana'izar iPhone da BlackBerry, don murnar kammala tasu manhajar waya. A 2017 Microsoft ya bayyana cewa ya daina bunƙasa wannan manhaja. Wayar iPhone da aka yi wa jana'iza tana nan da ranta, masu makokin ne aka binne hajarsu, hotunan kuma suna nan a intanet.

Misali mafi kusa da mai amfani da waya a Katsina shi ne na kafar da ake soka igiyar sauraro ta kunne, wadda matasa ke kira iyafis. A 2016 Apple ya cire wannan kafa daga iPhone 7. Tun kafin wayar ta fito, a taron da Samsung ya yi a Niyok cikin watan Agusta, wani jami'insa ya tsaya yana jaddada wa jama'a cewa tasu sabuwar wayar, Galaxy Note 7, tana da kafar, aka yi ta dariya. Bai ambaci sunan kowa ba, habaici ne tsantsa. Cikin 'yan makonni batiran wannan waya suka fara kamawa da wuta, har aka janye ta daga kasuwa baki ɗaya. A watan Oktoba na shekarar, Google ma ya yi irin wannan shaguɓe wajen ƙaddamar da wayarsa ta Pixel, sai ga shi a 2017 ya fito da Pixel 2 babu kafar. Samsung ya bi sahu a 2019 da Galaxy Note 10, ya kuma sauke wasu tallace-tallacensa na zolayar Apple daga YouTube. Tarihi ya sake maimaita kansa a kan caja: Apple ya daina sanya ta a kwalin iPhone 12 a watan Oktoba na 2020, wani shafin Samsung a Facebook ya yi masa ba'a, aka goge saƙon daga baya, a watan Janairu na 2021 kuma Galaxy S21 ta fito babu caja a kwalinta.

Bahaushe na kiran wannan lashe amai. Dalilinsa kuwa a fili yake. Kamfanonin nan suna sayen kayan haɗi daga masana'antu iri ɗaya, suna fuskantar matsin farashi iri ɗaya, don haka hanyar da ɗaya ya bi yau, da wuya sauran ba su bi ta gobe ba. Wanda ya yi wa abokin tafiyarsa dariya don ya riga shi shiga rafi, shi ma yana gab da tuɓe takalmi. Magana zarar bunu ce, a zamanin da ake naɗar kowace kalma kuwa, bunun ba ya ko ɓacewa.

Akwai wani ɓangaren da masu dariya a Niyok ba su damu da shi ba. A wayoyi da yawa, igiyar nan ta kunne ita ce eriyar rediyon da ke cikin waya. Ga tela ko ɗan kasuwar da ke sauraron Companion FM ko Gidan Rediyon Jihar Katsina a wayarsa, kafar nan abin buƙata ce ta yau da kullum. Idan kamfani ya mayar da ita abin alfahari a bana, ya jefar da ita baɗi, ya nuna wa irin wannan mai saye cewa tun farko ba buƙatarsa ce ta dame shi ba, abin jifan kishiya kawai ya samu.

5.0 Yadda Abin Yake a Nijeriya

A Nijeriya ba a cika kama suna a talla ba. Wani ɓangare na dalilin doka ce. An kafa hukumar kula da tallace-tallace ta APCON a 1988, aka maye gurbinta da ARCON a 2022, kuma ƙa'idar aikin talla ta hana kushe hajar wani ko ƙasƙantar da ita, sannan akwai kwamitin da ke tantance talla kafin a yaɗa shi. A Amurka kuwa, tun 1979 hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta ƙarfafa gwiwar kwatanta haja da ta abokin gasa da sunansa, muddin abin da aka faɗa gaskiya ne. Tarayyar Turai ta halatta kwatancen a 1997, da sharaɗin kada ya zama ɓatanci. Saboda haka kamfanonin Nijeriya suka koma ga habaici, launi kuma ya zama kalmarsu: ruwan ɗorawa na MTN, kore na Glo, ja na Airtel.

Fitaccen misali ya faru a watan Afrilu na 2013, lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta ba mai waya damar sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba. Ɗan wasan barkwanci Hafiz Oyetoro, wanda aka fi sani da Saka, ya yi suna ne a tallan kamfanin Etisalat mai launin kore. (Ɗalibai za su so sanin cewa a lokacin malami ne mai koyar da wasan kwaikwayo a Kwalejin Ilimi ta Adeniran Ogunsanya a Legas.) Kwatsam sai ga shi a tallan MTN, ya fara bayyana cikin kore, tufafin suka rikiɗe suka koma ruwan ɗorawa, yana rawa yana shelar cewa ya sauya sheƙa. Ba a ambaci Etisalat ko sau ɗaya ba, kuma babu wanda bai gane ba. A nan kamfanin ya bi tsarin fada sau da ƙafa: ya ɗauko maroƙi ya ba shi aikin, manyansa suka yi gum da bakinsu.

Tallan ya yi farin jini matuƙa. Amma alƙaluman NCC na shekarun farko sun nuna cewa Etisalat, wanda ya koma 9mobile a 2017, shi ya fi karɓar masu sauya sheƙa, MTN kuma ya fi rasa su, ko da yake adalci ne a tuna cewa shi ya fi kowa yawan masu hulɗa, kuma bai sauka daga wannan matsayi ba. Mutane sun yi dariya, sannan kowa ya duba inda sabis ya fi ƙarfi a unguwarsu. Da yawa ma ba su sauya ba. Wayoyi masu layi biyu irin su Tecno da itel sun riga sun cika kasuwa, mai waya ya haɗa kamfanoni biyu kishi a cikin aljihu ɗaya.

Ya kamata a kwatanta wannan da abin da ya faru shekaru goma kafin nan. Da aka fara wayar salula a 2001, MTN da Econet suna cajin kira ne da minti, ko da mutum daƙiƙa biyar ya yi yana magana. A watan Agusta na 2003 Glo ya shigo da lissafin daƙiƙa, ba da jimawa ba sauran suka bi. Babu zambon da ya taɓa yi wa abokan gasa ciwo kamar wannan farashi, kuma babu abin da Glo zai lashe daga baya.

6.0 Inda ya Kamata a Ja Layi

Ba za a ce kamfani ya yi shiru game da abokin gasarsa ɗungurungum ba. Kwatance yana da amfani ga mai saye. Idan batirin wannan waya ya fi na waccan daɗewa, faɗin hakan taimako ne ga wanda ke zaune inda wutar lantarki ba ta tsayawa, yake biyan kuɗi wajen mai cajin waya. Raha kuma ba laifi ba ce, da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya. Abin dubawa shi ne me aka soka, kuma wa ya yi sukar.

Sukar haja da hujjar da za a iya gwadawa kwatance ne, ko da an yi shi cikin raha. Sukar mutanen da ke amfani da hajar wani abu ne daban. A 2011 Samsung ya yi tallan da ke nuna masu bin dogon layi don sayen iPhone a matsayin mabiya marasa tunani. Tallan ya ja hankali, amma waɗanda aka yi wa dariyar su ne mutanen da kamfanin ke fatan su dawo wajensa. A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa mutunci cikin siffofinsa, wato kiyaye darajar wani da gudun kunyata shi a gaban jama'a. Addinin mafi yawan Hausawa ma ya yi hani ga izgili a aya ta 11 ta Suratul Hujurat. Ɗan kasuwar da ya ce wa mai ciniki wawa ne don ya saya a rumfar maƙwabci, ya rufe wa kansa ƙofa.

Game da mai sukar kuwa, shugaban kamfani a kan dandamali yana matsayin Sarki ne a ranar hawa. Idan ƙaramin kamfani ne mai neman a san da shi, tsokanar babba na iya amfanarsa, domin ambaton babban kaɗai ya sa an jera su tare. Idan kuwa babba ne, duk sunan da ya kama ya yi masa talla kyauta, a cikin mintunan da ya kashe maƙudan kuɗi don a kalli tasa hajar. Kuma ba ya ma buƙatar yin hakan, domin yana da maroƙan da ba ya biya. Masu saye da kansu suke raɗa wa wayoyi sunaye: ƙaramar waya mai tocila ta sami laƙabin rakani-kashi, wadda ba ta da ƙarko a ce mata 'yar Caina ko da a ina aka ƙera ta. Irin wannan zambo ya fi kama jiki, saboda ba daga bakin mai haja ya fito ba.

Wani zai ce ai tsokanar Apple da Samsung wasan barkwanci ne, tunda Samsung ne ya ƙera allon wayar iPhone X ta 2017, alhali suna gaban kotu tun 2011 a kan zargin satar fasaha, shari'ar da ba ta ƙare ba sai 2018. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin a bayan fage suna ci a akushi ɗaya. Bambancin shi ne, Bakatsine da Banufe sun san wasa suke yi, masu kallonsu ma sun sani. Magoya bayan kamfanoni kuwa sukan ɗauki abin da zafi. An ga haka a Boston a 1997, lokacin da Steve Jobs ya sanar da cewa Microsoft zai zuba jarin dala miliyan 150 a Apple, wanda ke cikin mawuyacin hali. Da fuskar Bill Gates ta bayyana a allo, wasu daga cikin jama'ar suka yi masa ihu, sai da Jobs ya tsaya yana lallashinsu cewa ci gaban Apple bai dogara ga faɗuwar Microsoft ba. Shekarun da kamfanin ya yi yana koya wa mabiyansa ƙin abokin gasa suka zame masa kaya a ranar da ya buƙaci taimakonsa.

7.0 Amfani da Wannan a Cikin Aji

Malamin Hausa a ƙaramar sakandare zai iske cewa ɗalibansa sun fi saurin gane habaici a talla fiye da a waƙar fada, domin tallan ne suke ji kullum. Yana iya farawa daga nan. Sai ya sa su saurari tallace-tallacen rediyo na mako guda, ko su lura da abin da masu tallar maganin gargajiya ke faɗa ta lasifika a babbar kasuwar Katsina, su rubuto jimlolin da ke taɓa wani mai haja ba tare da kama suna ba. Jimla irin ta gargaɗi a kan kayan jabu, ko wadda ke cewa namu ba irin nasu ba ne, ta isa a yi darasi guda a kanta. A kan kowace jimla a tambaye su: wane sani ne mai sauraro ke buƙata kafin ya gane inda aka dosa, kuma haja aka soka ko mutum? Daga nan sai a koma ga waƙar fada ko ta siyasa, kamar waɗanda magoya bayan NEPU da NPC suka yi wa juna a shekarun 1950, a yi musu tambayoyin nan biyu.

Haka kuma batun ya dace da muhawarar makaranta, inda za a raba aji biyu a kan ko ya kamata a hana kamfani ambaton abokin gasarsa. Kafin a fara, malami ya gindaya sharaɗin cewa duk wanda ya bar hujja ya koma kan mutumin da ke gabansa za a rage masa maki, ya kuma naɗa ɗalibai biyu su riƙa rubuta duk inda hakan ya faru, a karanta wa aji bayan an tashi daga muhawarar.